Makunnin Hajja Mabruka

Da sallar layyar da ta wuce Habibu ya zo daga Yamai da kwali a hammata, ya zaunar da ni a ɗakina yana yi mini bayanin ƙwan lantarkin da ake kunnawa da wayar hannu. Wai ba sai na tashi ba, ina kwance in latsa, in na ga dama ma in yi masa magana ya ji. Na bar shi ya kai aya, don tsarabarsa ce, kuma da zuciya ɗaya ya kawo ta. Uwarku tana bakin ƙofa tana danne dariya da gefen mayafi, saboda ta san ni da irin waɗannan ƙwayayen mun san juna tun a Sabha. Sai da ya juya ya nuna tsohon makunnin da ke jikin bangona, wanda ya yi ja-ja kamar haƙorin mai cin goro, ya ce bari ya ɗauko turnabis, abin kwance noti, ya kwance wannan tarkacen, sannan na ɗaga masa murya. Ban saba ɗaga muku murya ba. Ya mayar da kayansa cikin kwali, washegari ya koma bakin aikinsa ransa a ɓace, ni ma nawa bai yi daɗi ba.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Na san abin da kawunku Lawali yake faɗa a majalisa, cewa taurin kai ne ya koro ni daga Libiya, na zubar da shago da mutunci saboda na tsoma baki cikin harkar gidan mutane. Rabin maganarsa gaskiya ne, shago kam na bar shi. Mutuncina kuwa da shi na hau mota. To ku ji yadda aka yi daga bakin mai abin, kai Habibu da kake Damagaram wajen kakarka a lokacin, da ku Nana da Sani da kuke ƙanana ba ku san me ake ciki ba.

Na shiga Sabha ina saurayi, ba takarda, ba Larabci sai na salla. Wanda ya fara ba ni aiki wani dattijo ne a unguwar Abdulkafi, Haj Barka, baƙi wuluk kamar mu, mai gonar dabino a Ghudduwa. Yana gyaran gidansa, ni kuma na ɗan iya jan wayar wuta tun a gida. Ni na ja wayar ɗakin matarsa, Hajja Mabruka, ni na ɗaura makunnin da ke bakin ƙofarta daga ciki. Ranar da na gama ya sa na tsaya, ya ce bismillahi, ya danna, wuta ta kawo. Ya dube ni ya ce daga yau sunanka Usta Yusuf. Usta a bakinsu shi ne gwanin sana'a, ni kuwa a lokacin ko tsani ban iya jinginawa daidai ba. Amma sunan ya bi ni, kuma na yi ta aiki har na cika shi. Bayan shekaru, da na so buɗe shagon kayan wuta a Manshiya, aka ce baƙo sai da ɗan ƙasa a gabansa. Haj Barka ya kira babban ɗansa Salim, wanda na sha ɗauka a wuya yana yaro, ya ce a yi takardun shagon da sunansa, Usta ya ci gumin kansa. Da wannan shagon na ɗauko uwarku, da shi muka kama ɗakuna a samansa, da shi kuka shiga makaranta. Ko 'yan sanda suka tare ni, in na faɗi shagon wa nake, sai su ce wuce.

Salim ne ya fara kawo ƙwayayen lantarkin nan masu jin wayar hannu. Ya gina bene a kan gidan ubansa, ya dawo daga Turabulus da su da wani ɗan akwati wanda bai fi tafin hannu ba. Ni na ɗaura su gida duka, kuma a kansu na koyi halinsu. Wutarsu ta waya ce kamar ta kowane ƙwai, amma umarni ta iska suke karɓa daga akwatin nan, akwatin kuma yana jin wayar hannun mai gida. In ƙwai ya yi nisa da akwati, na kusa ne yake miƙa masa saƙo, kamar leburori masu miƙa bulo hannu da hannu. Abu biyu ne ba sa yafewa. In ka kashe makunnin bango, ƙwan ya mutu murus, ba ya ji, ba ya miƙawa. Kuma ƙwai ɗaya akwati ɗaya yake bi. To bangon gidan Haj Barka mai kauri ne, saƙon da zai sauko daga bene zuwa fitilar ƙofar gida da ta marbu'a, wato ɗakin baƙin maza, dole ya bi ta ƙwan ɗakin Hajja. Shi kuwa tsoho yana da ɗabi'arsa. Da an kira magariba zai shiga ɗakin matarsa ya ce bismillahi ya danna, bayan isha ya kashe da hannunsa, don a wurinsa fitila tana ci ba mai amfani da ita almubazzaranci ne. Yana kashewa rabin gidan ya daina jin wayar Salim. Salim ya kan kawo mini ƙara a shago, amma bai taɓa iya buɗe baki gaban ubansa ba.

Sai Allah ya karɓi ran Haj Barka, a ƙarshen kakar dabino. Na yi kuka kamar ubana ne ya rasu, kuma ban ɓoye ba. Hajja ta shiga takaba. A can mai takaba farare take sakawa, ta zauna ɗakinta, namijin da ba muharraminta ba ko inuwarta ba zai gani ba. Ni da nake shiga gidan nan kamar ɗa, iyakata ta zama barandar da ke bakin ƙofarta. Ƙaramin ɗanta Miftah ya kwaso iyalinsa daga Turabulus ya zauna a sashen gefe don ya kasance kusa da ita, ya zo da nasa ƙwayayen da nasa akwatin, na wani kamfani daban. Ba a raba gado ba tukuna, 'yan uwan suna gaisawa sama-sama. Kuma kowannensu yana son ƙwan ɗakin uwarsu ya fito a wayarsa, don in ya ga ya kawo da asuba ya san ta tashi lafiya. Kada ku ɗauka mugaye ne. Duk su biyun suna son matar nan har cikin ransu, kowa dai yana son a ce shi ne mai lura da ita.

Hanyar raba ƙwai da akwatinsa ita ce a yi ta kashewa ana kunnawa a jere, har ya yi ƙyaftawa, alamar ya manta ubangidansa. Miftah zai shiga gaida uwarsa, ya tsaya jikin bango ƙas, ƙas, ƙas, ƙwan ya koma nasa. Da yamma Salim ya latsa waya fitilar ƙofar gida ta ƙi ji, ya sauko a fusace, ya gaishe ta, shi ma ya kama ƙas, ƙas, ƙas. Ita kuma tana zaune cikin fararenta da carbi, tana kallon 'ya'yanta suna wasa da makunnin ubansu. Da abin ya ishe su suka aiko a kira ni.

"Usta," in ji Salim, "ka haɗa mana akwatunan nan su ji maganar juna. Na gaji."

Wannan aikin ina alfahari da shi har gobe. Ban ɓoye ba, harkar cikin waya Miftah ya fi ni nesa ba kusa ba, ni kuma na san bangon gidan kamar jikina, na san inda ƙarfe yake, na san inda saƙo ke maƙalewa. Muka yi makonni muna zama a marbu'a, shayi mai kumfa yana zuwa yana komawa. Akwatunan ba sa magana kai tsaye, kowa da harshensa, amma kowanne yana da ƙofa ta intanet. Muka samu manhajar da take zama a kansu duka biyu, muka shigar da fitilar ƙofa da ta matakala da ta tsakar gida, suka fito a wayar Salim suka fito a ta Miftah. Na sa wata 'yar na'ura a soket ɗin baranda wadda aikinta miƙa saƙo kawai, don ƙofar gida ta daina dogara da ɗakin Hajja. Da can in an ɗauke kuran, wato lantarki, aka dawo da shi, kuma a Sabha ba a rasa ɗaukewa, duk ƙwayayen sai su kama gaba ɗaya da tsakar rana kamar gidan biki. Shi ma muka saita su, kowanne ya riƙa tuna yadda aka bar shi. Maƙwabta suka fara zuwa kallo, ana cewa a nemi Usta Yusuf na Manshiya. Ƙwai ɗaya ya rage, na ɗakin Hajja, kuma ba wanda ya yarda ɗan uwansa ya shiga ya taɓa shi. Ni kuma ba ni da ikon shiga.

Ina tsaye a baranda ina tunanin yadda za a yi, sai na ji murya ta bayan ƙofa, da Hausa.

"Wane ne nan? Isuhu ne?"

"Ni ne, Hajja. Ina wuninku? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, ɗana. Sannu da aiki."

Na san kakarta daga ƙasarmu ta zo da ayari, amma duk shekarun nan Larabci muke gaisawa da shi. Hausarta tsohuwa ce, ta gutsattsare, irin wadda ake ji bakin kakanni. Na yi mata bayani cewa ana so a kashe a kunna, ta ce ai ta ga yadda 'ya'yanta suke yi har ta haddace, in faɗa ta danna. Ina cewa kashe, tana kashewa, ina cewa kunna, tana kunnawa, har muka samu kiɗa kamar masu daka, na ji ta yi 'yar dariya, ta farko tun rasuwar. Ƙwan ya ƙyafta, na ga hasken ta ƙarƙashin ƙofa, Miftah ya kama shi daga marbu'a. Na ce an gama, Hajja. Ba ta koma ta zauna ba.

"Isuhu, kai ka sa wannan makunnin, ko?"

"Ni ne, Hajja. Ina yaro."

"Wurin yatsan Haj ya lotsa. In na sa nawa sai ya zauna a ciki. Ba na fita, ba na girki, ba na karɓar baƙi. Da magariba dai ina tashi in kunna, da dare in kashe. Shi ke nan aikina yanzu."

Na ce Allah ya jiƙan Haj. Na naɗe kayana na tafi.

Aka ɗan samu zaman lafiya, har wata asuba ta tashi cikin duhu tana laluben bango, ƙafarta ta harɗe da darduma ta faɗi. Ba ta karye ba, amma kwankwasonta ya bugu. Salim yana gona a Ghudduwa aka kira shi, ya taho da gudun da Allah ne kaɗai ya tsare. Kwana biyu bayan haka suka kira ni marbu'a, kuma karon farko tun rasuwar ubansu na tarar da su zaune kafaɗa da kafaɗa, bakinsu ɗaya. Suna so ƙwan ya riƙa kawo haske kaɗan da kansa duk lokacin da ta motsa. Hakan ba zai yiwu ba sai wuta tana jikinsa dare da rana, wato sai an kashe makunnin. Sun san ba zan shiga ɗakin ba, amma Miftah ya gano mahaɗar wayoyin tana baranda, sama da ƙofarta. In buɗe, in haɗe waya biyu, makunnin ya zauna a bango kamar yadda yake, sai dai ba abin da yake yi. Za su saita lokaci, ƙwan ya kama da magariba ya rage bayan isha.

"Za ta ɗauka ita ta kunna," in ji Miftah. "Ba wanda ya cutu."

"A tambaye ta mana," na ce.

"Za ta ƙi," in ji Salim.

"To ai kun ga."

Salim ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne.

"Usta, uwata ce. Ni na zauna bakin gadonta ina jin nishinta. Shekara nawa shagon nan yana da sunana, na taɓa tambayarka wani abu a kansa? Wannan kaɗai na roƙa. Gobe da yamma."

Da na koma Manshiya na tarar da uwarku tana kwashe tuwon da take sayar wa 'yan uwanmu leburori. A lokacin duk mai kewar miyar kuka a unguwar nan ƙofar Rabi yake nufa, tana da sunanta ita ma, ba a inuwata take ba. Na zayyana mata komai. Ba ta daina kwasa ba.

"Malam, waya biyu ce fa."

"Waya biyu ce."

"'Ya'yanta ne suka ce a yi. Kai wane ne a gidan? Ko ɗakin ba ka isa shiga ba."

"Yaudara ce, Rabi. Tsohuwa za ta ce bismillahi ta danna abin da ba ya komai."

"To in ta sake faɗuwa ta karye fa? Kai za ka yi jinyarta? Ka dubi yaran nan. Nana ta fara karatu da Larabci, Habibu yana can yana jiran abin da za ka aika. Kai da gemunka ya yi fari, bakin titi za ka koma kana jiran mai mota ya ɗauke ka aikin yini?"

Ku sani, duk abin da uwarku ta faɗa a ranar gaskiya ne, kuma kada wanda ya karanta wannan ya ga baƙinta. Da na tashi washegari niyyata in yi aikin in rufe bakina.

Na isa bayan la'asar sakaliya, na jingina tsani a bakin ƙofar Hajja, na hau, na kwance murfin mahaɗar. Ga wayoyin nan yadda na murɗa su da hannuna ina saurayi, murɗin ma na ɗan koyo, ya yi yawa. Na sa abin gwaji na gane wadda ke zuwa da wadda ke komawa. Aikin bai kai a sha kofin shayi ba, amma na tsaya ina goge ƙura, ina gyara abin da bai lalace ba, har ladan ya kira magariba. Sai na ji jan takalminta a ciki, a hankali, tana ɗingishi saboda kwankwason. Na ji ta tsaya daidai ƙasana, bango ne kawai tsakaninmu. Ta ce bismillahi. Na ji ƙas. Abin gwajin da ke hannuna ya kawo ja, haske ya fito ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a ƙafar tsanina. Wutar da ta kira ta bi ta tsakanin yatsuna ta wuce.

"Isuhu, kai ne a sama? Me ya lalace kuma?"

Da na ce ƙura nake sharewa, da yau wataƙila muna Manshiya. Na buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fita. Matar nan da Hausar kakarta ta tambaye ni, ta kira ni da sunan da uwata ta raɗa mini.

"Ba abin da ya lalace, Hajja. An ce in kashe makunninku daga nan, ƙwan ya riƙa kunna kansa, don kada ku sake faɗuwa. Ban yi ba."

Can ta ce:

"In na danna fa?"

"Ba zai yi komai ba, Hajja."

"Rufe abinka ka sauka. Ka ce da su ina kira."

Na mayar da murfin, na ɗaure shi tam, na sauka. Abin da ta faɗa wa 'ya'yanta ban ji ba, ina waje ina salla. Abin da na sani shi ne a daren aka ja gadonta aka kai shi jikin bangon ƙofa, daidai ƙarƙashin makunnin, yadda tana kwance za ta miƙa hannu ta kunna kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ita ta ce a yi haka. Mu maza uku da akwatuna biyu da makonnin shayi, ba wanda tunaninsa ya kai can.

Salim ya same ni a ƙofar gida ina ɗaure tsani a bayan mota, ƙarƙashin fitilar da na haɗa masa. Idonsa ya yi ja. Mutum ne mai 'ya'ya, uwarsa ta wanke shi tas gaban ƙanensa da matansu.

"Ka kunyata ni gaban uwata, Usta."

"Tambayata ta yi. Ban iya yi mata ƙarya ba."

"Ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Shiru aka ce ka yi."

"Na yi maka aiki tun kana tsawon gwiwata, Salim. Wannan ɗaya ne ban iya ba."

"To ƙarshen wata ka kawo makullin shago."

Na kai masa kafin ƙarshen watan, hannu da hannu, na gaishe shi ya amsa. Miftah ya so ya sa baki, amma sunan da ke takarda ba nasa ba ne, kuma bai so sabon rikici da yayansa ana gab da rabon gado. Ban ga laifinsa ba. Na gwada bakin titi kamar yadda uwarku ta faɗa, ina tsaye da jakar kayan aiki cikin samarin da na isa in haife su, masu mota suna wuce ni suna ɗaukar masu ƙarfi. Waɗanda suka san ni a matsayin Usta sukan kau da kai don kada in ji kunya, hakan kuwa ya fi ciwo. Ba shago, ba wanda zan ambata in an tare ni, na ga zama ya ƙare. Muka sayar da abin da ya sayu, uwarku ta raba tukwanenta, muka hau motar Agadas. Ban yi sallama da Hajja ba, ba ta fita takaba ba tukuna, kuma ban so a ce na koma kai ƙara. Nana, ke kika yi ta kuka saboda ƙawayenki. Habibu, shekarar da ka zauna a gida abokanka suka wuce ka a makaranta, ba rashin lafiyar kakarka ba ne kamar yadda aka faɗa maka. Wannan maganar ce. Kai ka biya wani kaso nata ba tare da an tambaye ka ba, kuma ya kamata ka sani.

Duk tsawon sahara uwarku ba ta ce mini uffan ba, sai dai ta miƙo ruwa ta kau da kai. Sai da muka sauka Agadas, muna zaune kan kayanmu a tasha, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Da ka yi, da yanzu ina Manshiya ina tuƙa tuwona."

"Haka ne."

"Amma da duk abin da na danna a gidanka sai na yi shakkarsa."

Daga nan ta tashi ta tafi neman abincin yara. Har yau in ranta ya ɓaci takan tuna mini da tukwanenta, ni kuma in yi shiru, don tana da gaskiya. A Damagaram na fara daga tushe, gyaran fanka, jan waya a sababbin gidaje, har Allah ya rufa asiri muka gina wannan. Ban koma yadda nake a Sabha ba, kuma ba zan koma ba. Na sha kwanciya ina tunanin shagon nan, har ƙamshin sabuwar waya nakan ji a hancina. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Bara waccan, ana tsakiyar zafi, wani direba ɗan Tanut mai bin hanyar Libiya ya yi sallama a zaure yana tambayar gidan Usta Yusuf. Rabon da in ji sunan nan tun barinmu can. Ya ciro ɗan ƙulli a farin ƙyalle daga aljihun rigarsa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce wani Balarabe a Abdulkafi, Salim, ya neme shi har tasha ya damƙa masa, ya sa ya maimaita saƙon har ya zauna masa.

"Ya ce in faɗa maka Hajja ta rasu. Ya ce har daren da ta cika, da hannunta ta kunna, da hannunta ta kashe. Ya ce da zai gyara ɗakin ya kwance wannan, ya ga ba wanda ya kamata ya riƙe shi sai kai."

Na kwance ƙullin. Wurin yatsan ya ƙara lotsawa. Na sa nawa, ya zauna a ciki. Direban ya ga halin da nake, ya tashi ya ba ni wuri. A ranar na cire sabon makunnin ɗakina na ɗaura wannan, kuma bai taɓa ƙin kawowa ba.

To Habibu, ka ji dalilin ɗaga muryar, ka yi haƙuri da tsohonka. In ka zo da azumi ka taho da kwalinka. Ka sa wa uwarka a ɗakinta in ta yarda, ka tambaye ta tukuna. Ka sa a tsakar gida da zaure, zan nuna maka inda za ka ajiye akwatin don saƙo ya isa ƙofa, in ka ƙaro na wani kamfani ma zan haɗa maka su, hannuna bai manta ba. Ɗakina dai ka bar shi yadda yake. Ranar da na tafi ku kwance makunnin, wanda ya ga zai iya riƙewa a cikinku ya riƙe. Ga ladan can ya fara kiran magariba, ɗakin ya yi duhu har ba na ganin layi. Bari in tashi in kunna.